Ramin da Ta Liƙe Ranar Lahadi

Ranar Talata da safe likitoci suka yanke yatsu biyu daga ƙafar hagu ta wani dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, wanda 'yan unguwarsu suka fi sani da Mai Sito. A takardar da ke rataye a gindin gadonsa an rubuta ciwon sukari, an rubuta cizo, an rubuta cewa raunin ya ruɓe. Ba a rubuta abin da ya cije shi ba. Abin ya yi kwana goma sha biyu a kulle tare da shi a gida mai ɗaki biyu, kuma 'yarsa ce ta kulle su, da siminti rabin bokiti, tana ganin ta gama da ɓeraye ke nan.

'Yar tana da shekara arba'in da uku. Ita ce shugabar masu shara a hawa na uku na wani otal, inda abokan aiki ke kiranta Madubi, saboda ba ta barin ɗaki sai ta ga fuskarta a tayil. Tana fita daga gida ƙarfe shida saura, ta dawo bayan biyar na yamma, kwana shida a mako. Uban ya yi shekara talatin da huɗu yana kula da siton hatsi na wani kamfani kafin sukari ya cinye masa idanu. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ko ruwan zafi aka zuba masa, ƙarar zubar kawai yake ji. Yana kiranta Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Tana da ƙane ɗaya, direban babbar mota, wanda ke kira a waya daga duk inda ya yada zango.

Gidan a ƙasan bene yake: ɗakinta, ɗakin uban, kicin da banɗaki. Bayan bangon kicin akwai kwata. Bayan kwatar akwai gidan burodi.

Abin ya fara ne makonni uku kafin tiyatar, wata safiya da ta tarar an farka ledar burodi an cinye kusan rabinsa. Ta kai wa uban shayi tana mita, shi kuwa ko mamaki bai yi ba.

"Uwata, ai baƙuwa muka yi. Kwana uku ke nan ina jin ta."

"Wace baƙuwa?"

"Gafiya. Kuma da iyalinta ta zo."

Ya yi mata bayani kamar yadda yake yi wa sababbin leburori a da. Ya ce ƙaramin ɓera gudu yake yi, kamar ana watsa yashi a kan kwano, nan da can, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan kuwa tafiya take yi. Takan tako, ta tsaya, ta ja wani abu, kuma hanya ɗaya take bi kullum, jikin bango daga kicin. Har jelarta yake ji tana share ƙasa.

Madubi ta ce gafiya sai gidan ƙazamai, ba gidan da ake goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kowace safiya ba. Uban ya ce sitonsu sau biyu ake share shi a rana, kuma hakan bai taɓa hana su zuwa ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da yamma ta tsaya wajen mai maganin ɓera a tashar mota. Ta ce masa ɓeraye sun dame ta. Bai tambaye ta wane iri ba, ya ba ta ƙananan tarkuna huɗu da kwalayen danƙo uku. Ta ɗana tarkunan da ɓawon burodi, ta jera su a kicin.

Kwana huɗu ba abin da ya taɓa su. Uban ya ce wannan ma shaida ce: ƙaramin ɓera ɗan shisshigi ne, ranar farko yake faɗawa tarko, amma gafiya idan ta ga sabon abu a hanyarta sai ta yi kwanaki tana kewaye shi. A rana ta biyar tarko ɗaya ya tashi. Ta same shi a ƙarƙashin kabad, taku uku daga inda ta ajiye shi, babu burodi, babu jini. Ta ce ƙarfen tarkon ne ba shi da kyau.

Ranar Asabar danƙo ya kama uku. Ƙanana ne, toka-toka, suna ta mutsu-mutsu a kan kwalin. Ta ɗauki hotonsu ta tura wa ƙaninta, sannan ta kawo kwalin bakin ƙofar uban.

"Ga gafiyarka nan, Baba. Har uku. Kowanne bai fi ɗan yatsana ba."

"Miƙo ɗaya in shafa."

"Da hannun da kake cin abinci? Haba, Baba."

"To duba min ƙafafun baya. Ba su yi wa jikin girma ba? Kan fa?"

"Ɓera ne."

"Kunnuwan fa, Uwata? Faffaɗa ne ko ƙanana?"

Kafin ya rufe baki ta naɗe kwalin a leda ta yi waje da shi. Da ƙanin ya kira, ta kai masa ƙara, shi kuwa ya yi dariya ya ce Baba ne ya yi ritaya, kunnensa bai yi ba, ta bar shi kawai, kewar aiki ke damunsa.

Lahadi ce kaɗai ranar hutunta, kuma a wannan Lahadin ta yi wa gidan irin aikin da take yi wa ɗakin otal idan babban baƙo zai sauka. Shinkafa, fulawa, sukari, duk ta juye su a gwangwanaye masu murfi. Kwandon shara ta fitar da shi waje. Ta ɗaure famfon da ke ɗiga, ta kife bokitai, ta rufe randar roba ta ɗora mata dutse. A jikin bango, tun daga kicin har ƙofar uban, akwai wani baƙin shafi mai maiƙo, tsayinsa daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Sau biyu tana goge shi a makon nan yana dawowa. Ta ɗauka sandar uban ce ke gogar bangon, ta sake goge shi. A bayan firij ta tarar da kashi tsibi ɗaya, kusan ashirin, kowanne kamar ƙaramin ƙwallon dabino. Ta ce na ƙadangare ne, ta share.

Ramin yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda bututun ruwan datti ya huda bango ya fita kwata. Yatsunta uku suka shige ba tare da ta matse su ba. Bakinsa sumul, ya yi baƙi. Daga baya ta ce girmansa ya ɗan tsaya mata a rai, amma ta gaya wa kanta ginin ne ya tsufa.

Da uban ya ji tana kwaɓa siminti ya ƙwala mata kira. Ya ce a sito ba a liƙe rami sai an san mai shi yana ciki ko yana waje. Ana cusa jarida ne a bar ta kwana biyu. Idan an ture ta, ramin na aiki, sai a kama mai shi tukuna. Idan ba a taɓa ba, sannan a kawo siminti.

"Ba ni da kwana biyu, Baba. Yau kaɗai gare ni."

"To bari sai wata Lahadin."

Ta farfasa kwalba ta zuba a cikin kwaɓin, ta cika ramin, ta shafe shi da bayan cokali har ya yi santsi.

Kwana uku gidan ya yi tsit, kuma ta yi barci mai daɗi. Sai sabulu ya fara ragewa a banɗaki, da layuka bibbiyu a jikinsa. Kyandir ya ɓace daga kan taga. Silifas ɗin uban ya rasa dunduniya. Danƙo ya sake kama ƙanana biyu, ta ce ragowar ne, sun kusa ƙarewa. Kofin ruwan da take ajiye masa a kan kujera kusa da gado kullum ta dawo sai ta same shi a kife. Ita tana zaton shi ke shanyewa ya ture shi. Shi kuma yana zaton mantawa take yi ba ta cika ba, bai so ya ƙara mata magana.

A asibiti an ce a riƙa shafa masa mai a ƙafa safe da yamma don kada fatar ta tsage. Ranar Laraba man shafawar ya ƙare. Ta ɗebo man girki a murfin kwalba ta shafa masa, ta ga ya fi ma shiga jiki, ta ci gaba da shi.

Ranar Litinin, kwana takwas da liƙe ramin, ta dawo daga aiki ta ga jini a zanin gado. Gefen ƙaramin yatsan ƙafar hagu ya ɗaye. Ta tambaye shi me ya buga.

"Ko na buga ba zan sani ba. Amma ban sauka ba yau. Zanin nan dai ana jan sa, da rana tsaka."

Ta wanke wurin, ta sa aidin, ta naɗe da bandeji. Washegari ta nemi hutun kwana biyu. Manajan ya ce akwai taro, ɗaki arba'in a cike, ta bari sai bayan Juma'a. Ta sayo danƙo shida ta kewaye gadon da su. Ta sa wa uban sandarsa a hannu, ta ƙure masa rediyo, ta ce ya riƙa buga katakon gadon lokaci-lokaci. Ya yi ta bugawa har azahar. Maganin da yake sha da rana yana sa shi barci.

Ranar Laraba ta tarar da kwali ɗaya a kife, an ja shi zuwa tsakar ɗaki. A jikin danƙon akwai gashi cunkus, mai kaushi, ruwan ƙasa, tsayinsa ya kai rabin ƙwayar ashana. Ta daɗe a tsaye da kwalin a hannu. A cewarta, a nan ne ta fara zargin uban na da gaskiya, amma ta shiga kicin ta duba simintin, ta ga yana nan daram, ta ce babu ta inda babban abu zai shigo. Ba ta yi tunanin babu ta inda zai fita ba.

Bandejin ya jiƙe da sabon jini. Uban ya ce ta farfasa simintin. Ta ce idan ta buɗe, duk na kwatar za su shigo su taru a kansa. Ya ce to ta kira wanda ya san aikin. Ba ta kira ba. Otal ɗinsu yana da mai feshi da ke zuwa duk wata, shekara shida suna gaisawa, lambarsa na cikin wayarta. Shi kuma mutum ne mai surutu, kuma a hawa na uku babu wanda bai san Madubi ta taɓa korar yarinya daga aiki kan kyankyaso ɗaya ba.

Ranar Alhamis ta zura masa takalman roba masu tsawo, irin waɗanda suke wanke banɗakin otal da su, a kan bandejin, ta ɗaure bakinsu da tsumma. Ba a cije shi ba ranar. Amma da ta dawo ƙafar ta kumbura ta cika takalmin, sai da almakashi ta yanke shi, kuma warin da ya fito ya sa ta buɗe taga. Ya ce ba ya jin zafi, kasala ce kawai. Ta ce gobe za su je asibiti, bari ta je ta roƙi rabin rana.

Ranar Juma'a ta bar takalman, ta ninka bandeji uku, ta rufe ƙafar da bargo ta cusa gefensa a ƙarƙashin katifa. Ta roƙi manajan a gaban mutane. Ya sake ta ƙarfe goma sha biyu.

Uban yana barci da sandar a ƙirjinsa, rediyo na ta magana. Bargon ya huje. Bandejin ya warware daga ƙafar, ya sauko ƙasa, ya miƙe kamar igiya ya shige ƙarƙashin gadon, wanda irin mai akwati ne, katako har ƙasa. Ta ja, ya tsinke. Yatsu biyun ƙarshe babu naman kirki a jikinsu. Jikinsa ya yi zafi rau. Ta kira sunansa sau uku kafin ya amsa, kuma da ya amsa, tambayarta ya yi ko an sauke buhunan.

Ita ta goya shi har bakin titi.

Nas ɗin da ta wanke raunin ta kira Madubi ta nuna mata gurbin haƙora, bibbiyu, kowane gurbi da faɗinsa. Ta ce ta taɓa ganin irinsa sau biyu, kuma ƙaramin ɓera ba shi da wannan bakin. An yi kwana huɗu ana ɗura masa allurai. Yatsun suka yi baƙi. Bayan an yanke su, likitan ya ɗauki biro ya zagaye inda ja ya tsaya a saman ƙafar, ɗan ƙasa da idon sawu. Ya ce idan jan ya tsaya a cikin layin, za su sallame shi ranar Asabar, don ana jiran gadon. Idan ya tsallake, za su koma ɗakin tiyata, kuma wannan karon ba yatsa za a yi magana ba.

Ranar Laraba da safe ta kira mai feshin.

Ya zo da jaka da tocila. Ta buɗe masa gidan da rabonta da shi tun Juma'a, ban da shiga ɗaya da ta yi a guje ta ɗauki kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska.

"Shugaba, kin yi shara?"

"Kwana biyar ban yi ba."

"Alhamdu lillahi. Yau zan samu abin karantawa. Ku masu tsafta ku ne matsalarmu, kullum kuna yage mana jaridar kafin mu iso."

Ruwa ya kwanta a kicin. An huda bututun robar da ke kawo ruwa famfo. Ya ce ga bambanci na farko: ƙaramin ɓera zai iya rayuwa da ɗan damshin da ke cikin abinci, amma gafiya sai ta sha ruwa kullum, kuma idan an hana ta za ta nemo shi ko a ina yake. Ya tambaya ko akwai ruwan da ake bari a buɗe. Ta tuna kofin da ke kusa da gadon.

A bayan firij tsibin ya dawo. Ya buɗe gwangwaninta ya ɗauko ƙwayar shinkafa ɗaya ya ajiye a gefe. Ya ce kashin ƙaramin ɓera kamar wannan yake, baƙi, mai tsini a kai da gindi, kuma barbaza shi yake yi ko'ina, a kan kanta, a cikin aljihun tebur. Wannan kuwa ya ninka ƙwayar sau uku, bakinsa a dakushe, kuma wuri ɗaya ake tara shi. Na ƙadangare da farin ɗigo a ƙarshensa. Ya haska baƙin shafin da ke jikin bango, ya ce maiƙon jikinta ne, hanyar da take bi ce kullum. Ya nuna mata ƙasan ƙofar waje, inda aka gaigaye katakon ta ciki, ɓarɓashin kamar tsinken ashana, har aka kai ga ƙarfen da ke bakin ƙofar aka tsaya. Sannan ya durƙusa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya daɗe yana kallon simintin. Duk fuskarsa karce ne, da ɗan jini a jikin kwalbar.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Aiki ya yi kyau. Ko ni ba zan liƙe haka ba." Ya kashe tocilar. "Ta so ta fita, Shugaba. Abincinta yana gidan burodi. Nan kwana kawai take zuwa."

Ta ce amma ta kama ƙanana har biyar, da idonta ta gan su. Ya tambaya ko ta ajiye ɗaya. Ta tuna hoton. Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu har ƙafa ɗaya ta cika fuskar wayar. Ya ce ta duba: ƙafar baya doguwa, faffaɗa, kamar yaro ya sa takalmin babansa. Kai ya yi wa jiki girma. Kunne ƙarami. Jela mai kauri. Ƙaramin ɓera kuwa kunnensa faffaɗa ne, ƙafarsa 'yar mitsitsiya, jelarsa siririya kamar zare.

"Yara ne. Ba su fi wata ɗaya ba. Da tsoho ya shafa ƙafar nan, ai da ya gaya miki."

"Ya nema," in ji ta.

Suka ɗaga katifar tare. Ya sa guduma ya ɓanɓare katako ɗaya na akwatin gadon. A kusurwar da ke daidai ƙafafun uban akwai sheƙa: zaren tsofaffin buhunan da ya taho da su daga sito, takardar sabulu, safa ɗaya, da bandejinta, fari, an yayyaga shi an shimfiɗa. A ciki jarirai bakwai ne, jajaye, ba gashi, idanunsu a rufe. Sabuwar haihuwa ce. Ya ce shi ya sa yunwar ta kai haka. Uwar ba ta nan.

Madubi ta fita tsakar gida ta yi amai, ta dawo ta ce ya zuba guba ko'ina, ko nawa ne. Ya ce gubar ma sabon abu ce, za ta kewaye ta kamar yadda ta kewaye tarkunan, idan kuma ta ci za ta mutu a cikin bango ko silin, a yi wata ana shaƙar ta. Ta ce to a ƙone gadon. Ya ce gadon ba laifinsa ba ne, kuma hanyarta ce kaɗai suka sani, idan aka ɗauke shi sun rasa inda za su jira ta.

Ya fito da manyan tarkuna uku, kowanne ya kai tsawon takalmi. Ya sa musu busasshen kifi, ya jera su jikin bango a kan baƙin shafin, amma bai ɗana ko ɗaya ba. Ya ce sai ta ci sau biyu ko uku ta saki jiki, sannan a ɗana. Idan aka ɗana yau ya kuskure ta, ba za ta sake kusantar tarko ba har ta mutu.

"Kwana nawa?"

"Uku. Wani lokaci biyar. Wannan ta sha danƙo, ta sha kwalba, an kwashe mata 'ya'ya. Ban sani ba."

"Asabar za su sallame shi."

"Ba wani wuri da za ki kai shi?"

Ta ce ƙaninta a mota yake kwana. Ɗakinta kuwa ƙofarsa ba ta kai ƙasa ba.

Mai feshin ya ce saura abu ɗaya, a buɗe ramin, ko za ta fita da kanta. Ta karɓi gudumar daga hannunsa. Simintin ya kama sosai, sai da ta yi kusan rabin awa a durƙushe cikin ruwa, kwalbar ta yanke ta a yatsu biyu. Da ramin ya buɗe, iskar kwata ta shigo da ƙamshin burodi. Ya dunƙule jarida ya cusa. Ya tsane kicin, ya barbaɗa fulawarta a ƙasa tun daga nan har ɗakunan biyu, ya ce kada ta taka, kuma don Allah kada ta share.

Da yamma ta koma asibiti. Zazzaɓin uban ya sauka, hankalinsa ya dawo. Ta gaya masa komai a tsaye, kamar mai ba da rahoto: bututun, ƙofar, hoton, sheƙar.

"Nawa ne?"

"Bakwai."

"A ƙarƙashina." Ya jinjina kai. "Shekara talatin da huɗu ina hana su cin hatsin kamfani. Ashe fansho suka biyo ni karɓa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ce ta jawo, da ma ta miƙa masa ɗaya ya shafa ranar da ya nema. Ya laluba ya kamo hannunta, ya ji filasta a yatsun, ya tambaye ta me ya same ta. Ta ce simintin ta fasa.

"Kin cusa jarida?"

"An cusa."

"To kada ki taɓa ta. Ki duba min ƙafar nan, Uwata, ki gaya min gaskiya. Su ba sa gaya min."

Ta ɗaga zanin. Ta ce jan yana cikin layi. A lokacin haka yake.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe ta buɗe ƙofar gidan, ta tsaya a bakin ƙofa da tocilar wayarta. Kifin yana nan a kan tarkunan uku, ba a taɓa ba. A kan fulawar akwai sawu, yatsu huɗu a gaba, biyar a baya, na bayan ya kai tsawon gaɓar babban yatsanta, da layin jela a tsakiya. Sawun ya fito daga bayan firij, ya bar jikin bango ya yi wa tarkunan nisa, ya shiga ɗakin uban, ya zagaya gadon sau da yawa. Daga nan ya fito ya shige ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinta. Babu sawun dawowa. Jaridar tana nan a cikin ramin yadda aka cusa ta.

A asibiti, da likitan ya zo zagayen rana, jan ya hau kan layin biron ta gefen dunduniya. Bai tsallake ba. Likitan ya ce zai sake dubawa ranar Juma'a da safe, kuma ya ce kada a ba dattijon abinci daga yammacin yau, ko da za a koma ɗakin tiyata.